Hannun Hagun Fidencio

Talata, da hantsi

Na taɓa da ƙaramin yatsana a can gefen gwiwa, inda ba za a gani ba. Bai bushe ba.

Ɗakin zane sanyi kamar cikin randa. Tun Lahadi ban hura murhu ba, kuma ba zan hura ba. Ɗumi da haske ne ke busar da fentin mai, to na hana shi duka biyun. Na jawo akwatin katakon nan da aka taɓa dawo min da zane a ciki daga Denver, na kwantar da zanen, na jiƙa auduga da man kanumfari na cusa a kusurwoyi, na rufe, na lulluɓa bargo. Tururin kanumfari yana hana fenti kamawa da wuri. Na saba yi wa allon haɗa launi haka in zan yi 'yar tafiya, amma ban taɓa yi wa zane ɗungurungum ba. Oho, yanzu na fara.

Abin haushin, abin da ya rage ba shi da yawa. Na gama fuska, na gama riga, hannun dama da ke riƙe da hularsa na gama shi ranar Asabar. Saura hannun hagu, wanda ya ɗora a gwiwa. Na shimfiɗa duhun wandon kewaye da wurin, na bar gurbi, na ce wa mijina Litinin mu ƙarasa. Ya ce Litinin tuffa zai tsinke, na ce tuffa ba ta da ƙafar gudu. Sai ga Lahadi, ya yanke jiki ya faɗi, ɓarinsa na hagu ya shanye.

Shekara talatin da wani abu ina roƙon Fidencio ya zauna min. Na zana coci, na zana tsauni, na zana tsofaffin matan ƙauyen nan har da waɗanda ba ma ga-maciji da su, amma mijina sai ya ce shi ba kabewa ba ne da za a ajiye a tebur ana kallo. Bana kawai ya yarda, ban san abin da ya shiga kansa ba.

Ni ba na zane a kan busasshen fenti. Dole hannun ya shiga cikin ɗanyen fentin wandon, bakinsa ya narke a ciki, in ba haka ba zai zauna a sama kamar faci a tsohuwar riga. Duk wanda ya taɓa sayen zanena wannan ya saya, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka gwiwar nan za ta jira a jiƙe har mai ita ya dawo ya zauna a kujerarsa.

Laraba, da yamma

Na tuƙa a-kori-kurarsa zuwa asibiti a birni. Kujerar a nesa ya saba barinta, na ƙi matso da ita, na riƙa miƙa ƙafa kamar mai tsallake kwata.

'Yarmu Rosalba tana can tun ranar, ta ɗauki hutu daga makarantar da take koyarwa. Ina shiga ta yatsine hanci ta ce, Mama haƙori ke miki ciwo? Na ce a'a. Ta ce to warin mene ne wannan. Na ce aiki. Ta yi min kallon nan na babarsa, wanda ta gada ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Na zauna ta damansa, gefen taga. Ya damƙe yatsuna da ƙarfi har zobena ya shige min nama, na ji daɗin zafin. Ya faɗi wata kalma ya maimaita, ban gane ba, sai Rosalba ta ce tuffa yake nufi. Kai, wannan mutum! Na ce masa za a tsinke.

Likita ya zo ya yi dogon bayani a tsaye. Na kalli bangon da ke bayansa, wani kore ne mai kama da ruwan dafa wake, ina ta tunanin wane mara tausayi ne ya zaɓe shi. Rosalba ce ta riƙe kalmomin, dama ita ce mai son kalmomi.

Alhamis, da sassafe

Bai bushe ba.

Juma'a, da rana tsaka

Corinne ta zo. Shekara ashirin ke nan tana sayar da zanena a gidan baje zanenta na Santa Fe, amma sau nawa ta taɓa hawo hanyar ƙauyenmu? Tana tsoron ƙasan motarta. Ta kawo miya a roba, irin wadda ba gishiri ba barkono, ta rungume ni sosai, kuma na san da gaske take.

Mun zauna a kicin ta tambayi jikinsa, na ce da sauƙi. Sannan ta juya kofinta sau biyu ta ce ba ta son ta yi maganar yanzu. Na ce yi kawai, Corinne, na san abin da ya kawo ki rabi da rabi.

Juma'ar farko ta watan gobe za a buɗe baje kolina. An riga an aika katin gayyata, kuma bangon ƙurya, wanda ido ke fara sauka a kai in an shigo, tun bazara na ce ta ajiye wa wannan zanen. Tana son sa a bushe kafin makon ratayewa, don masu ɗauka ba sa taɓa ɗanyen fenti.

Ta ce in nuna mata. Na buɗe akwatin. Ta yi shiru, kuma Corinne ba ta iya shiru ba, don haka na san abin da ta gani. Can dai sana'a ta farka a jikinta. Ta ce ai ba za a rasa hotonsa ba, ko na bikin Rosalba, in duba hannun a ciki. Na ce tun da take da ni ta taɓa ganin na zana mutum daga hoto? Hoto ƙiftawar ido ɗaya yake kamawa, ni kuwa mutum nake so ya gaji a gabana, ya manta da ni, hannunsa ya saki. Sai ta ce to in bar shi haka da gurbin, masu saye suna son abin da ba a ƙarasa ba, balle in akwai labari a bayansa.

Na mayar da murfin a hankali, don in na yi da sauri Allah kaɗai ya san inda zai sauka.

"Wane labari?"

"Delfina, ba haka nake nufi ba."

"Mijina yana can yana tambayar tuffarsa. Bai zama labari ba tukuna."

Ta yi ja har kunne. Ba ta ba da haƙuri da baki ba, ba ta iya ba, sai ta koma kicin ta wanke kofuna har da tukunyar da ta kwana biyu a jiƙe. Da za ta tafi ta ce za ta riƙe bangon iya iyawarta. Miyar na zuba mata jan barkono, ta ciwu.

Asabar, da yamma

Tiburcio maƙwabcinmu da matarsa Eduvigen sun zo da tsani sun tsinke tuffa. Ba wanda ya kira su. Eduvigen ta jera kwanduna a rumfa, ta ware waɗanda suka bugu za ta yanka ta shanya.

Ban san wa ya gaya wa Tiburcio maganar zanen ba, ƙauyen nan ko tari ka yi sai an ji a coci. Ya shigo ɗakin zane yana murza hannuwa don sanyi, ya ce ga nasa, ai hannu hannu ne, kuma tare suka haƙa magudanar ruwan gonakin nan da Fidencio tun suna samari, don haka ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin farcensu. Na rasa yadda zan ƙi. Na zaunar da shi, amma ba a kujerar ba, na ɗauko guntun allo na gwada a kai.

Yatsunsa gajeru masu kauri kamar rogo, ga shi bakinsa ba ya rufuwa, kuma in yana magana da hannun yake yi. Na ce Tiburcio tsaya mana. Ya ce ai a tsaye yake, yana faɗa yana nuna min da hannun yadda yake a tsaye. Na yi dariya, ta farko tun Lahadi, har sai da na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu, ya fita da sanɗa ya ja min ƙofa.

Na ba shi allon. Eduvigen ta ce a akurkin kaji za ta rataye, ko dila ya gani ya ji tsoro.

Litinin, da hantsi

Ruwan ƙasan da ke inuwar gwiwa ya fara kamawa. Na san shi zai fara cin amanata, launin ƙasa kullum shi ne mai gaggawa. Na kankare shi da 'yar wuƙa na shimfiɗa sabo, na haɗa da baƙin nan mai nawar bushewa. Na sake auduga.

Zuciya ta ce in ɗiga kanumfarin cikin fentin kansa. Na san abin da hakan ke yi, fenti ba ya ƙarfi, bayan shekaru ya yi duhu ya yamutse a bangon wani bawan Allah, da sunana a ƙasa. Ban ɗiga ba. Ɗigo ɗaya kawai, a bakin gurbin.

Talata, da sassafe

Ƙanƙara ta sauka a kan tsauni. Madalla, a ƙaro sanyi. Bai bushe ba.

Alhamis, gab da faɗuwar rana

Za a mayar da Fidencio wani gida inda masu gashin ƙashi ke aiki da mutane. Rosalba ta zo ɗaukar masa kaya, wanduna masu roba da takalmi mara igiya. Na ce ubanki bai taɓa sa wando mai roba ba. Ta ce yanzu zai sa.

Ta same ni a ɗakin zane da rigar sanyinsa a jikina. Ta dubi murhu, ta dubi akwatin, ta ce me na ci yau. Na ce kunun masara. Ta ce jiya fa? Na ce ke 'yar sanda ce? Ta ɗaga bargon, ta ɗaga murfin ba ta nemi izini ba, ta daɗe tana kallon fuskar babanta. Na ɗauka za ta yi laushi. Ina!

"Mama, ba zai sake ɗora hannun nan haka ba. A gabanki likita ya faɗa."

Na ce likita bai san shi ba, mutumin da doki ya taka wa ƙafa ya tashi ya ƙarasa noma. Ta ce ita ce ke buɗe masa yatsun kullum da safe tana wanke ciki da tsumma, ita ta san abin da take faɗa, ni kuwa sai in zo in zauna awa biyu ina ba shi labarin kajin Eduvigen in tafi. Na ce tun kafin a haife ta nake kallon hannuwan mutane, kada ta koya min. Ta ce to ki kalli wannan.

Na fi ta murya, don haka ni na yi nasara, irin nasarar da ba ta da amfani. Ta ɗauki jakar ta fita tana share ido da kafaɗa. Na ji haushinta, na ji tausayinta, kuma tsoro nake ji. Na rubuta ke nan, tsoro nake ji.

Amma ba zan bar gwiwar ta bushe ba.

Lahadi, da yamma

Sabon wurin ya fi, aƙalla bangon fari ne. Maganarsa ta fara fitowa, a hankali, kamar mai magana da tuwo a baki, amma ina ganewa ba sai an fassara min ba. Ya yi ƙorafin abinci, ya ce barkonon nasu ko jariri ba zai sa kuka ba. Ya ce matar da ke motsa masa gaɓoɓi a da can soja ce, ya tabbata. Na ce Allah ya ƙara, ka samu daidai da kai.

Ya tambayi tuffa, na ce an tsinke. Ya tambaya ko na gama zanen, na ce saura kaɗan, ina jiran sa. Ya kalli silin. Na ci gaba da surutu, na ba shi labarin hannun Tiburcio, ɓarin bakinsa ya yi dariya.

Da na tashi zan tafi ya riƙe min hannun riga.

"Tsohuwa. Kullum nan gefen kike zama."

Na ce ai nan ne taga take.

"A can ne. Nan gefen babu taga. Amma nan kike zama."

Na duba, wallahi gaskiya ne, a wannan ɗakin taga tana ɗaya ɓangaren, ni ce na ɗauko kujera na zagayo da ita da hannuna. Na ce zan makara, hanya da duhu ba daɗi. Ya saki rigar. A wurin ajiye motoci na zauna na daɗe ban tayar da motar ba.

Litinin, da rana tsaka

Na yi abin da na ce ba na yi. Na fito da zanen na jingina shi, na haɗa launi, na zana hannun daga kaina. Me zai hana? Na san shi fiye da nawa. Dogayen yatsu, jijiyar nan da ke ratsawa daga wuyan hannu, farcen tsakiya da ya tsage tun ranar da ƙofar magudana ta datse shi. Burushi ya riƙa tafiya da kansa. Kafin rana ta karkata ga hannun Fidencio a kan gwiwar Fidencio, ya narke cikin wandon yadda nake so.

Ya yi kyau, ba zan yi ƙaryar tawali'u a littafina ba. Na kira Corinne na ce na gama. Ta yi ihu a waya, ta ce in fito da shi daga akwatin nan mai wari in sa shi kusa da murhu, in Allah ya so zai kamu a kan lokaci ko da da ƙyar. Na ce to.

Na mayar da shi akwati na rufe. Ban san dalili ba, sabo ne ƙila.

Talata, da hantsi

Na buɗe na kalla. Na rufe. Na sake buɗewa. Mutumin da ke cikin zanen nan yana da abin da mijina ba shi da shi, kuma ni na ba shi.

Laraba, da yamma

Na shiga na bar kujerar inda na same ta, ta hagunsa, na zauna. Ya ci gaba da kallon wasan ƙwallo a talabijin kamar bai lura ba, munafukin tsoho.

Na kalla.

Hannun yana kwance a kan matashi, a dunƙule, yatsun sun shige ciki, wuyan hannun ya karye zuwa ƙasa. Ya ɗan kumbura, fatar tana sheƙi, jijiyar nan ta nutse ba a ganin ta. Farcen yana nan da tsagarsa. Da farko na ji zan tashi. Na danne ƙafafuna a ƙasa na ce Delfina, aikinki ke nan, kallo, ba ki iya komai ba sai shi. Can sai na fara ganin launi. Akwai shuɗi-shuɗi a gaɓoɓin, akwai wani rawaya mai sanyi a bayan hannun da ban taɓa gani a jikinsa ba, inuwar cikin dunƙulen kuma ja ce, ba baƙa ba. Na kama kaina ina haɗa su a zuci.

Na sa hannu na ɗauke shi. Nauyi gare shi, da sanyi. Na riƙe har ya ɗumama. Na yi kuka ba ɓoyewa, shi kuma ya ce in yi a hankali ana bugun fanareti.

Kafin in tafi na ce masa ina bukatar sa a kujera, wuni ɗaya. Ya ce da wannan? Na ce da wannan. Ya ce shi dama tun farko ya gaya min shi ba kabewa ba ne, amma ga shi yanzu ya zama, sai a ɗauke shi a ajiye. Na ce to kabewa, ka shirya.

Alhamis, da hantsi

Na kankare hannun jiya-jiya da na dawo, tun ban cire takalmi ba, kada in sake shawara. Ya fita a wuƙa kamar man shanu. Na sake shimfiɗa gwiwar, amma kewayen ya fara danƙo, yana riƙe yatsa. Wannan ne karo na ƙarshe, in na sake kankarewa ƙyallen kansa zan ci.

Na kira Rosalba. Na fara da cewa ta yi gaskiya, don in gama da wannan da wuri. Ta ce Mama lafiyarki kuwa? Ta yi magana da masu wurin. Sun ce sai ya iya tashi daga keken guragu zuwa kujera da taimakon mutum ɗaya kafin su bar shi ya fita, kuma suna ganin zai kai nan da Juma'a ta sama, daga rana tsaka zuwa yamma. Juma'a ta sama ita ce ranar buɗewa.

Sai na kira Corinne. Ba ta yi ihu ba wannan karon, na fi son da ta yi. Ta ce bari ta fahimta, ina da gamammen zane na goge, kuma ba zan zo buɗe baje kolina ba. Na ce haka ne. Ta ce mutane za su taso daga Dallas don su gaisa da ni, me za ta ce musu? Na ce ki ce ina aiki. Ta ce za ta rataye babban zanen gonar tuffa a bangon ƙurya, kuma gara in sani tun yanzu, ba za ta iya min alkawarin kakar baɗi ba, akwai masu jiran layi. Na ce na sani, kuma ban ga laifinta ba. Ban gani ɗin ba, amma ya yi min zafi, shekara ashirin ba wasa ba ce.

Kafin ta ajiye ta ce, "In ya bushe ni za ki fara nuna wa."

"In ya bushe."

Asabar, da sassafe

Danƙo, amma yana karɓar burushi. Na gwada a gefe.

Litinin, da yamma

Ya tashi daga keke, ya koma daɓas. Ya zagi sojar, ta ce ya ƙara zagi in dai zai ƙara tashi. Ya ƙara duka biyun.

Laraba, da sassafe

Ka riƙe min, saura kaɗan. Da fenti nake magana yanzu, abin ya kai nan.

Juma'a, gab da faɗuwar rana

Sun iso da rana tsaka. Tiburcio ya shimfiɗa katako a matakalar ƙofa, shi da Rosalba suka turo keken. Fidencio ya shaƙi iskar ɗakin ya ce an mayar masa da gida shagon mai cire haƙori. Rosalba ta sa masa tsohon wandonsa a mota, mai maɓalli, ban tambaye ta ba ta yi. Ta kama shi ta ƙugu, ya tashi, ya juya, ya zauna a kujerarsa. Gumi ya karyo masa duk da sanyin. Na kori Tiburcio, Rosalba ta zauna a bakin ƙofa.

Na ba shi hular ya riƙe da dama. Sai muka tsaya, ni da shi, muna kallon hannun hagun yana reto a gefen kujera. Rosalba ta yunƙura, ya ce zauna. Ya ajiye hular a cinya, ya kamo wuyan hannun hagu da na dama, ya ɗago shi ya ɗora a gwiwa, ya gyara masa zama, ya sake ɗaukar hular.

Na fara. Gwiwar ta karɓa, da ƙyar, sai da na danna, amma ta karɓa. Ban yi nisa ba hannun ya zame ya faɗi. Ya ajiye hula ya mayar da shi. Ya sake zamewa, ya sake mayarwa. Ban ƙirga ba, kuma ban taimaka ba, bai kuma nema ba. Can ya gaji ya manta da ni, ya fara kallon bishiyoyinsa ta taga yana cewa Tiburcio ya karya masa reshe, ga shi can yana gani. A lokacin ne na samu abin da nake nema.

Wayata ta yi ƙara a kicin, na san Corinne ce, yanzu ana jera kofuna ana goge gilashin ƙofa. Rosalba ta je ta kashe.

Da haske ya fara ja na ajiye burushi na ce na gama. Ya ce a juyo masa. Rosalba ta taimaka min muka juya zanen. Ya kalli fuskar ya ce na ƙara masa shekaru, na ce shekarunka ne. Sannan idonsa ya sauka ƙasa. Ya daɗe. Ya dubi na gwiwarsa, ya dubi na zanen, ya sake duban na gwiwarsa. Rosalba ta toshe baki da hannu. Ni kuwa ban taɓa jin tsoron mai kallon zanena irin na yau ba.

"Tsohuwa."

"Na'am."

"Babban yatsan ya fi haka shigewa ciki. Kada ki yi min alfarma."

Na matso na duba. Gaskiyarsa ne, na ɗan buɗe shi ban sani ba. Na ce Rosalba ta juyo min zanen, na ce masa kada ya motsa, na ɗauki ƙaramin burushi na gyara.